Ƙarin ruwan garkuwar jiki ga masu korona mai tsanani

Tun da korona ta shigo Bauchi a watan Maris na 2020 nake bibiyar maganin da ake ɗura wa majinyaci ta jijiya, wato sinadaran garkuwar jiki da aka haɗa a ɗakin bincike. A 2021, gwajin RECOVERY na Jami'ar Oxford ya nuna cewa haɗin irin waɗannan sinadarai guda biyu, casirivimab da imdevimab, ya rage mace-mace daga kashi 30 zuwa 24 cikin ɗari, amma ga waɗanda jikinsu bai samar da tasa garkuwar ba kaɗai. Da nau'in korona na Omicron ya bayyana, sai ƙarfin haɗin ya ragu ƙwarai. Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne tsadarsa, ga kuma buƙatar ajiye shi cikin firiji, alhali wutar lantarki ba ta tsayawa a yawancin asibitocin ƙauyukanmu.