Ashe yanzu mu ake jira

Babu wanda ya taɓa zaunar dani yace wane daga yau ka girma. Abin da na lura dashi a gidanmu shine akwai lokacin da ake daina aikenka a fara kiranka shawara, kuma ba'a sanarwa, kawai wata rana zaka wayi gari an saka ka a gurup ɗin WhatsApp na manya, wanda ba'a tura barkwanci a cikinsa sai lissafi da lambar asusun banki. Shekarata 29, ban yi aure ba, har yau a shagon ƙofar gidanmu nake kwana, amma duk wani biki ko suna ko jinya da ta taso a dangi sai na ga sunana a lis, a ƙasan sunan su Baffa. Toh wannan abin ne ya daɗe yana min yawo a kai.

Da can komai yi maka ake. Ranar sunanka baka ma san anyi ba, sai dai labari, Umma har yanzu tana faɗin yadda ragon ya ƙwace ya shiga gidan maƙwabta. Kaciya kuma lokacin sanyi aka haɗa mu da 'ya'yan Baffa aka kira wanzami, abin da na fi tunawa ba zafin bane, kajin da aka dinga gasa mana ne da 'yan kuɗin da masu zuwa dubiya suke ajiyewa a ƙarƙashin tabarma. Sai sauka. Wannan kam ina tuna ta sarai, an ɗinka min farar shadda har da 'yar babbar riga da ta fi ƙarfina, allona yasha zayyana, malam ya biya min farkon Baƙara ina maimaitawa muryata na rawa, Baba yana gefe bai ce komai ba sai gyaɗa kai. Bayan nan muka bi gidajen dangi da allon ana bamu sadaka. A duk waɗannan ni dai nawa in yi wanka in sa sabon kaya, ban taɓa tambayar daga ina kuɗin shinkafar ya fito ba, kuma ba wanda ya zaci zan tambaya.

A lissafin da muka taso dashi abin a jere yake, ka gama sakandare, ka samu jami'a, ka yi bautar ƙasa, ka samu aiki, ka yi aure, sannan nauyi ya hau kanka. Mu dai namu bai zo a haka ba. Na shiga jami'a a 2018 da niyyar shekara huɗu, sai ga korona a 2020 ta haɗu da yajin aikin malaman jami'o'i na wajen wata tara, muna murna an koma sai ga wani a 2022 daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur muna zaune a gida. A wannan zaman ne na koyi gyaran waya a wajen wani abokina, don zaman ya isheni, kuma ikon Allah yau da wannan sana'ar nake ci ba da satifiket ɗin ba. Da na fita bautar ƙasa alawus ɗin naira dubu 33 ne, kuma a lokacin an riga an cire tallafin mai tun Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye rabinsa. Sai da muka cire kaki sannan aka fara biyan dubu 77 a 2025, mu dai sai dai mu taya ƙannenmu murna.

Abokaina da suka bi iyayensu Kantin Kwari tun muna gama sakandare, wasu 'ya'yansu uku, akwai wanda ɗansa ya shiga firamare. Da ina jin wani iri in naje sunansu, yanzu kuwa na daina, don na zauna dasu na ji nasu lissafin, kowa da irin abin da yake hana shi barci.

Bikin ƙanwata shi ya fara nuna min inda aka ajiye ni. Ƙarshen 2024 ne, lokacin litar mai ta haura naira dubu, komai na kasuwa ya tashi, kuma kowa yasan a Kano aurar da 'ya mace ba wasa bane. Namiji yana kukan lefe, amma wallahi wanda bai taɓa zama a lissafin kayan ɗaki ba bai san komai ba. Gado, katifa, kujeru, labule, leda ko kafet, kayan kicin tun daga tukwane har cokali, ga gara a gefe, buhun shinkafa da jarkar mai da su alkaki da nakiya da dubulan. Umma ta daɗe tana tari, ashe tun yarinyar na aji uku take sayen kuloli da faranti tana turawa ƙarƙashin gado, da kuɗin adashenta, ba wanda ya sani. Amma duk da haka da aka zo kan kujeru abin ya tsaya. Ranar da daddare Baba ya kira ni ɗakinsa, ya rufe ƙofa, abin da bai saba ba, ya ɗauko wata takarda ya miƙo min yace duba nan ka gani, me kake ganin za'ayi. Na karɓa ina kallon rubutunsa, ya jera komai da farashinsa, wasu ya soke da biro ya sake rubutawa a ƙasa da ƙaramin adadi. Mutumin da a da ko kuɗin makaranta zan karɓa sai na bi ta wajen Umma, yau shi yake tambayata me za'ayi. Nace Baba a bar min kujerun. Na faɗa ne kawai, a lokacin ko rabin kuɗin bani dashi, sai da na saida babur ɗina na haɗa da abin da na tara, na dinga sintiri wajen kafinta kullum yana ce min gobe.

Ranar jere ni ne a bayan a-kori-kura ina riƙe da madubi kar ya fashe, su Gwaggo suna ta min tsiya wai babban wa uba. Ranar ɗaurin aure kuwa ko zama banyi ba, ni ne wajen kanofi, ni ne wajen kujerun roba, ni ne rabon goro da alawa, da aka shafa fatiha ma ina can ina rigima da mai kawo ruwan leda. Sai da daddare da za'a kai ta, aka shigo da ita ɗakin Baba tayi sallama, tana kuka a cikin lafaya, yayi mata nasiha gajeriya yace yi nayi bari na bari, sannan ya juyo yace min kai ma ka faɗa mata wani abu. Ni me na sani a aure da zan faɗa? Nace Allah ya bada zaman lafiya, in da matsala ki kira ni. Shikenan abin da ya fito.

Wani abu da ya burge ni a bikin shine gwajin jini. A 2024 ɗin ne gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure, na sikila da ciwon hanta da ƙanjamau, kuma ni na raka su asibiti. Akwai dattawan da suka so suyi gunaguni wai a zamaninsu ba'a yi, amma duk gidan da ya taɓa jinyar yaro mai sikila yasan darajar wannan takardar. A danginmu akwai, mun ga yadda uwar take kwana a zaune. Ni a ganina wannan na cikin 'yan abubuwan da zamaninmu ya fi na da gaskiya a kai.

Bayan bikin da 'yan watanni Hajiya ta rasu, kakarmu ta wajen Baba, wadda a ɗakinta duk muka yi wayo. Na sha zuwa jana'iza, amma kullum a baya nake tsayawa, in an gama in ɗebi ƙasa in zuba in koma gefe. Wannan karon da muka isa maƙabarta aka sauke makara, sai Baffa babba ya dubi kabarin ya dubi gwiwarsa, shi da ko sallah a kujera yake yi yanzu, ya juyo yace ina samarin, ku sauka ku karɓe ta. Na waiga ina neman samarin, ashe ni da ɗan Baffa ake nufi. Muka cire takalma muka sauka, aka ja mayafi aka rufe samanmu tunda mace ce, aka miƙo ta. Bata da nauyi ko kaɗan, matar da ta goya mu duka. Muka kwantar da ita a gefen dama tana fuskantar alƙibla, liman yana faɗa mana daga sama ku sassauta ɗaurin, aka miƙo itatuwa muka jera, aka kawo kwaɓaɓɓiyar ƙasa muka toshe duk wata kafa. Hannuna bai yi rawa ba sai da na fito. A zaman makoki kuma aka ce in zauna kusa dasu Baba a tabarmar gaba, masu gaisuwa suna miƙo min hannu suna ya haƙuri, ina amsawa da haƙuri sai ma'aiki kamar yadda naji manya suna yi tun ina yaro.

Allah da ikonsa a shekarar ƙanwata ta haihu, mace, mijin yayi mana kara ya saka sunan Hajiya. Kaga kenan ba mai iya kiran sunan a gidanmu, Baba dai cewa yake uwata, mu kuma muka laƙaba mata namu. Da yake haihuwar fari ce gida ta dawo wanka, gidan ya cika da ƙamshin kauri da hayaƙin itace, Umma da Gwaggo suna tashi tun asuba dafa ruwa da ganyen darbejiya. An ɗan yi taƙaddama kan kunun kanwa, don a asibiti sun ja kunne a rage kanwa da ruwa mai tsananin zafi saboda hawan jini da ciwon zuciya bayan haihuwa, Gwaggo kuma tace ita da shi ta haifi tara. Wa aka kira raba gardama? Ni, wai ni ne mai boko. Na lallaɓa na ce a dinga damawa da 'yar kaɗan, kowa ya samu nasa, Gwaggo dai har yau tana ce min likitan waya.

Sai kuma abubuwan da ba'a yi musu taro. Baba ya fara miƙo min takardar magani yace karanta min, rubutun yayi ƙanana. Ya nuna min inda takardun gida suke. In zai je ganin likita ni nake kai shi in zauna a layi, kuma in mun shiga likitan ni yake kallo yana bayani. Umma in ta rasa gishiri ko gas ya ƙare ba ta jiran Baba ya dawo, ni take kira. Autanmu zai rubuta JAMB, ko tambaya ba'ayi ba aka turo min shi. Babu ɗaya a cikin waɗannan da aka yanka wa rago ko aka ɗinka wa anko, amma ni sun fi min sauka da digiri nauyi a zuciya.

Duk da haka a idon dangi ni yaro ne tunda ban ajiye iyali ba. Duk taron da aka yi sai an ce kai kuma sai yaushe, ga ƙanwarka har ta haihu. In naso in yi musu lissafi sai in fasa, don sun sani, tare muke zuwa kasuwar. Hayar ɗaki biyu da kicin a unguwar da ba ta da nisa sosai, kuɗin na-gani-ina-so, gaisuwar iyaye, akwatunan lefe da ake ƙirga atamfa da leshi da shadda a gaban 'yan kallo, sannan a zo kan dina da kamu a hol. Sadakin da shine addini ya wajabta, wanda malamanmu suke cewa mafi ƙarancinsa rubu'in dinari, shi ne ma mafi sauƙi a cikin lissafin gaba ɗaya. Kowa in an zauna zai ce a rage al'ada, amma in abin yazo kan 'yarsa sai yace kar a raina mu. Ni kaina da aka zo kan ƙanwata ai ban ce a rage ba, babur na saida.

Abin da nake gani shine mu 'yan wannan tsakanin nauyin ya riga auren zuwa. Iyayenmu sunyi aure da ƙuruciya sannan hidimar dangi ta same su suna da gidansu, mu kuwa hidimar ta same mu a shago, muna tallafar gidan da muka taso a ciki da hannu ɗaya muna ƙoƙarin kafa namu da ɗayan. Ba ƙorafi nake ba, don akwai daɗin da naji ranar da Baba ya gabatar dani ga abokinsa yace wannan shi yake riƙe damu yanzu, wanda ban taɓa jin irinsa ba. Kawai dai ina so masu tambayar sai yaushe su dinga haɗawa da Allah ya hore, ya fi daɗin ji.

Maganar da ake ciki yanzu, Gwaggo tace ta gano min wata a Gwammaja, 'yar ƙawarta, wai ta gama NCE tana koyarwa a Islamiyya kuma bata da rawar kai. Na ce mata a bari sai bayan sallah in je mu gaisa. Tace wace sallar, ƙarama ko babba, nace Gwaggo wadda Allah ya nuna mana. Ta ce to ita dai ta riga ta bada lambata.