A Fara Da Gareji Kafin Motar Ta Iso

Yaranmu da ke karatun injiniya a Jidda da Riyad, da waɗanda suka samu aiki a kamfanonin da ke kula da motocin soja, hankalinsu duk yana kan motar: ƙarfin inji, gudu, kaurin sulke. Da wuya ka ji ɗayansu ya tambayi inda za ta kwana, ko da me za a sauke injinta ranar da ya ƙi tashi. Ni ma haka na taso, kuma na ji a jikina.

Masu binciken kuɗin gwamnatin Amurka sun daɗe suna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na abin da makami ke ci a tsawon rayuwarsa yana tafiya ne wajen aiki da shi da gyaransa. Kuɗin saye shi ne ƙaramin kaso, ga shi tankar yaƙi kan yi shekara 30 tana aiki. Mai sayen doki, ai da turke da harawa yake farawa.

Garejin farko da aka ba ni in tsara, na ɗauki awon motar daga takardar kamfani, na ƙara ɗan sarari, na ce shi ke nan. Motar ta shiga ƙofa lafiya lau. Ranar da za a cire inji aka ga rufin ya yi ƙasa, kireni ba shi da inda zai ɗaga. Wani dattijon bakanike, Bahaushen Maiurno da ya zo daga Sudan tun yana saurayi, ya dubi rufin ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ka gina wa mai lafiya ɗaki, ka manta da majinyaci." Dole muka koma yin aikin a fili, alhali dokar Saudiyya ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Rabin wuni yana tafiya a banza. Saboda haka, ƙannena, ku auna gini da motar a warwatse: tsawon inji in an rataye shi, wurin ajiye shi, hanyar da mai ɗaukarsa zai juya. Daɓen ma haka. Tanka irin Abrams ta haura tan 60, kankaren da ya ishi babbar mota ba zai ɗauke ta ba.

Wutar lantarki ma ta taɓa kunyata ni. Saudiyya a kan hertz 60 take, wato yawan jujjuyawar wutar a daƙiƙa ɗaya, Najeriya da Sudan da Turai kuwa a kan 50. Na sa hannu aka kawo kwamfireso na 50, injinsa ya riƙa gudu fiye da ƙa'ida da kashi 20 cikin 100, ya yi ta zafi har ya ƙone. Ku karanta farantin da ke jikin kowane inji kafin ku sa hannu.

Amma inda kuɗi suka fi zurarewa ba a gani ba shi ne sito. Na taɓa zuba tayoyi da batura da robobin toshe mai a kwantena, na bar ta a rana, ina ganin na yi tanadi. Lokacin da aka buƙace su robar ta bushe tana tsagewa a hannu, baturan sun mutu ba a taɓa ɗaura su ba. Kayan gyara suna tsufa ko a cikin kwali suke. Kowace taya tana da lamba huɗu a gefenta, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta riga shigowa ita za ta riga fita. Kuma kowane gari da ciwonsa. A Jidda danshi da gishirin teku ne ke cin ƙarfe da tsatsa, a Hafar al-Batin kuwa ƙura ce ke toshe matatar iska. Wanda ya kwafi zanen sito ɗaya ya gina a wuraren biyu, ya yi asara sau biyu. Sanyaya sito ba gata ba ne, a ganina ya fi sanyaya ofishin manaja muhimmanci, ko da yake ban taɓa cin wannan gardamar da sauƙi ba.

Tun da aka ƙaddamar da shirin Vision 2030 na sauya tattalin arzikin Saudiyya a 2016, da burin kashe rabin kuɗin kayan soja a cikin gida, aka kuma kafa hukumar GAMI mai kula da masana'antun soja da kamfanin SAMI mai ƙera kayan soja a 2017, aikin gyara da kulawa sai ƙaruwa yake yi. Duk wanda aka miƙa wa zanen gareji a cikinku, ya kai wa tsofaffin kanikawa su duba kafin a zuba kankare. Ya kuma tambayi inda tsohon baƙin mai da matattun batura za su tafi, ya bar fili a gefe, don motar da za ta gaji wannan galibi ta fi ta nauyi.