Godiya Bayan Dawowa Daga Dutsen Chappal Waddi

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ayarinmu da ya tashi daga Kano zuwa gandun dajin Gashaka-Gumti ya iso gida lafiya. Muna godiya ga iyaye da iyalai da suka yi ta addu'a, suka kuma jure rashin jin muryarmu, don a mafi yawan dajin babu sabis.

Godiya ta musamman ga jami'an gandun daji na hedikwatar Serti, inda ake karɓar izinin shiga kuma ake haɗa baƙo da ɗan jagora. Kada wanda ya raina wannan ƙa'ida. Chappal Waddi shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru, kuma in gajimare ya sauko cikin kurmin, mutum ba ya ganin na gabansa. Umarninsu a nan ɗaya ne: a tsaya wuri guda har gari ya washe, kada kowa ya ware neman hanya.

Sun gargaɗe mu kan sanyi, kuma gaskiyarsu. Bakano ya saba da hunturu busasshe, na can kuwa jiƙaƙƙe ne. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6, ga raɓa tana ɗiga daga ganye ko ba a yi ruwa ba. Rigar auduga in ta sha gumi ba ta bushewa, da an zauna hutu sai rawar ɗari. Don haka a ƙulle kayan barci da safa a leda kafin a sa su cikin jaka, a riƙe rigar ruwa ko da rani ne. Sabon takalmi yana ta da bororo tun ranar farko, sai a zo da wanda ƙafa ta saba da shi, mai ƙasa mai kama dutse, saboda gansakuka na da santsi. Kowa ya tanadi ruwa lita 3 a yini, na rafi a tafasa shi.

'Yan dako da suka ɗauki tanti da abinci a kan wannan gangare, wallahi kuɗin da aka ba ku bai biya wahalarku ba. Mun gode. Haka Fulanin rugagen hanya da suka tarbe mu da nono da fara'a.

Direbobinmu ma sun yi ƙoƙari, tun daga Gombe, Numan, Jalingo, Bali har Serti. Wajen saukowa daga tsaunin Mambila da ƙaramar giya suka bi, domin yawan taka birki na sa shi ya yi zafi ya daina kamawa.

Mai niyyar zuwa ya nufi tsakanin Disamba da Maris, lokacin da rafuka ke ƙetaruwa, ya kuma fara tambayar jami'an gandun halin da hanya ke ciki. Allah ya saka wa kowa da alheri.