Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: In Tafi ko In Dakata?

Makon jiya mun tsaya a inda na bar tuƙin hanyar Katsina zuwa Maraɗi na koma shirya wa matafiya takardu da tikiti. Kafin mu shiga shekarun da suka biyo baya, wannan makon zan ba da shi ga tambayar da ta fi kowace yawan zuwa teburin mai irin sana'ata: an ce ƙasar da za ni ba lafiya, Alhaji, in tafi ko in dakata?

Yawancin masu wannan tambaya abin da suke son ji shi ne ko ana harbi a garin da za su sauka. Sai su buga wa ɗan'uwa waya a Maraɗi ko Damagaram, ya ce lafiya lau, kasuwa na ci, su ɗauki jaka. Ɗan'uwan bai yi ƙarya ba. Amma abin da ke cin matafiyi a lokacin rikicin siyasa galibi hanyar dawowa ce, kuma wanda ke zaune a gidansa can ba shi da dalilin tunaninta.

Mu ɗauki Nijar, tunda mu Katsinawa ba ma ma lissafa ta a ƙasar waje. Ranar 26 ga Yuli 2023 masu gadin fadar shugaban ƙasa suka tsare Shugaba Bazoum a Yamai, daga baya Janar Tchiani ya bayyana a matsayin shugaba. A Maraɗi ba a yi wani tashin hankali ba. Dattawan 'yan kasuwa suka yi lissafi da abin da suka sani: an yi juyin mulki a 1996, an yi a 1999, an yi a Fabrairun 2010 lokacin da Salou Djibo ya kifar da Shugaba Tandja, kuma a na 2010 ɗin cikin 'yan kwanaki aka buɗe iyaka kowa ya ci gaba da harkarsa. Da wannan lissafin wasu suka loda kaya. Ranar 30 ga Yuli shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, suka ba sojojin wa'adin mako guda, suka rufe iyakoki, suka dakatar da jirage da hada-hadar kuɗi. Wato ƙofar daga ɓangarenmu ma aka sa mata sakata. Magamar Jibiya, Kwangwalam ta hanyar Daura, Illela, Maigatari, duk suka tsaya cik. Sai 24 ga Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, Najeriya ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren a 13 ga Maris, Nijar kuma ta ƙara kwanaki kafin ta buɗe nata. Wata bakwai da ɗoriya ke nan. Wanda ya loda albasa ko tumatir, ya san abin da kwana biyar ke yi musu a cikin tirela a damina, balle wata bakwai.

Saboda haka abu na farko da ake dubawa shi ne maƙwabta da ƙungiyoyin da ƙasar ke ciki, me suke cewa. In ka ji an kira taron gaggawa na shugabanni, kada ka motsa sai an tashi daga taron an karanta sanarwa. Tsakanin juyin mulkin Nijar da taron Abuja kwana huɗu ne kacal. Babu cinikin da zai lalace don an jinkirta shi kwana huɗu wanda ya kai asarar mota da kaya a bakin iyaka.

Sannan rikicin ma iri-iri ne. Zanga-zanga da rigimar zaɓe suna da lokaci da wuri: babban birni, manyan tituna, ranar zaɓe da ranar faɗin sakamako, wani lokaci bayan sallar Juma'a. Irin wannan ana iya kewaye shi da kalanda, a tafi mako biyu kafin zaɓe a dawo, ko a bari sai kotu ta gama magana. Juyin mulki na soja ɗaya, wanda rundunar ta haɗa kai a kansa, yakan zo da dokar hana fita da rufe iyaka, kuma haɗarinsa na maƙalewa ne fiye da na rai. Wanda ba a wasa da shi shi ne in ƙasa tana da runduna biyu masu makamai, kowacce da shugabanta, suna zaune a birni ɗaya suna harara. Abin da ya faru a Sudan ke nan. Tun kafin Asabar 15 ga Afrilun 2023 ana ta jin saɓani tsakanin Burhan, shugaban soja, da Hemedti, shugaban ɗaya rundunar mai suna RSF, kan yadda za a narkar da dakarun RSF cikin soja, har an ɗage sa hannu kan yarjejeniya. Iyaye da yawa a nan suna jin labarin a rediyo suna cewa ai Sudan kullum haka take. Da safiyar ranar aka fara faɗa, cikin goman ƙarshe na azumi, kuma filin jirgin Khartum na cikin wuraren farko da aka far wa. Mai tikitin dawowa hutun Salla a aljihu, takardar ta zama ba ta da amfani kafin azahar.

Nan zan ɗan daɗe, domin ɗaliban da suka sha wannan wahala 'ya'yanmu ne, da yawansu daga jihohin nan na Arewa. Sai wajen 26 ga Afrilu motocin bas da gwamnati ta yi haya suka fara kwasar su zuwa iyakar Masar. Da suka isa, Masar ba ta buɗe musu nan take ba, suka yi kwanaki a fili cikin sahara, ruwan sha da wurin kewayawa sun zama abin nema. Rukunin farko bai sauka Abuja ba sai daren 3 ga Mayu. Wasu aka bi da su ta Port Sudan, tafiyar kusan kilomita 800 daga Khartum. Ku lura da tsawon lokacin: daga harbin farko zuwa saukar jirgin farko kwana 18. Gwamnati takan zo, amma ba ta zuwa a makon farko, kuma makon farkon nan da aljihunka da dabararka za ka ci shi.

Me ya bambanta wanda ya ɗan samu sauƙi da wanda ya galabaita? Fasfo a hannu, da farko. Akwai waɗanda nasu ke ofishin makaranta ana sabunta izinin zama, akwai waɗanda suka kai ofishin jakadancin wata ƙasa neman biza, ma'aikatan suka kulle suka tsere. Ofishin jakadancin Najeriya na iya ba mutum takardar tafiya ta gaggawa, amma ita ta komawa gida ce kawai, kuma sai ka iya isa inda jami'in yake. Don haka da zarar gari ya fara ɗaukar zafi, a karɓo fasfo ko da aikin bai kammala ba. A ɗauki hoton shafin farko da shafin biza da katin rigakafin shawara, a tura wa mutum biyu a gida, a kuma buga a takarda, domin waya kan mutu ko a ƙwace ta a shingen bincike. Fasfon ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Wanda nasa saura wata biyu, ƙasa ta uku da zai ratsa ba lallai ta karɓe shi ba, kuma a lokacin gudu ba kai ke zaɓen ƙasar da za ka ratsa ba.

Sai kuɗi. Katin banki da manhajar waya suna aiki ne in akwai wuta da intanet da banki a buɗe, kuma su ukun ne ke fara faɗuwa. A Khartum mutane sun dogara da manhajar banki ta Bankak, da layi ya yanke aka ga masu kuɗi a asusu ba su iya sayen burodi. A Nijar kuwa Najeriya ta yanke wutar da take ba su a farkon Agusta, har da layin da ke tashi daga nan Katsina ya bi ta Gazawa, bankuna kuma suka shiga ƙarancin takardun kuɗi saboda takunkumi. Abin da nake gaya wa matafiyi shi ne ya lissafa abincinsa da masaukinsa na mako biyu, ya ɗora kuɗin mota zuwa iyaka mafi kusa ninki uku, domin direba a ranar gudu ba ya karɓar farashin jiya. Wannan adadin ya riƙe shi tsaba. Na Nijar ya canza sefarsa tun daga nan, ya nemi ƙanana, jika-jika (wato sefa dubu-dubu) da jika bibbiyu, saboda takardar jika goma ba mai ba ka canjinta a tasha ranar da kowa ke ruɗe. Na nesa ya riƙe dala sababbi marasa tabo, ya raba su wuri biyu ko uku a jikinsa. In ta haura dala 10,000 doka ta ce a bayyana wa kwastam a filin jirgi.

Tikiti ma akwai magana. Mai araha da ba a canza masa rana shi ne mafi tsada a irin wannan lokaci. Inshorar tafiya kuma, ku karanta ƙananan rubutun: galibinsu sun cire yaƙi da tawaye da juyin mulki daga abin da suke biya. Ko ƙasar da za ka lafiya take, duba sararin da jirgin zai ratsa. Alhazan 2023 sun ga haka, da aka rufe samaniyar Sudan jiragenmu suka riƙa zagaye, tafiyar Jidda ta ƙara tsawo, kuɗin jirgi ya ƙaru.

Mai shiga da motarsa Nijar ya tuna lesefase, wato takardar izinin shiga da mota, da duwan (kwastam ɗin Nijar) ke ba shi a iyakar Ɗan Isa tana da wa'adi, inshorar ƙetare ma haka. In iyaka ta rufe yana ciki, wa'adin ba ya tsayawa jiransa. Ya je ofishin duwan mafi kusa tun kafin ranar ta cika ya nemi ƙari, ya riƙe rasit. Jandarma ba ruwansa da cewa ba laifinka ba ne.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa: ai iyakar Katsina ba ta rufuwa, akwai ɓarauniyar hanya, ɗan acaɓa zai tsallakar da kai. Gaskiya ne, a rufewar 2019 zuwa Disambar 2020 ma an yi ta bi. Amma dajin yankin Jibiya na yau kowa ya san masu riƙe da shi. Kuma wanda ya shiga da hatimi ya fita babu hatimi, a takarda yana can har yanzu, ranar da ya sake zuwa ta ƙofa zai yi bayani. Kaya kuwa in kwastam suka tare su a hanyar daji, sunansu fasa-ƙwauri ko da an biya musu komai a baya.

Daga ƙarshe ana auna dalilin tafiyar. Gaisuwar mutuwa ko biki a Maraɗi, inda mutum ke da gidan kwana da dangi kuma gida bai fi tafiyar sa'o'i biyu ba, wannan ko an rufe iyaka ba zai kwana da yunwa ba, sai dai mai ciwon suga ko hawan jini ya ɗauki maganin wata guda maimakon na kwana uku. Kaya masu ruɓewa, a dakata. Sabon ɗalibi da bai san gari ba, bai iya harshen ba, a nemi makaranta ta ɗage masa zango a rubuce, kada a biya kuɗin shekara gaba ɗaya. Mara lafiya da za a yi wa aiki, a tambayi likita ko jinkirin wata guda zai cutar, in ba zai cutar ba a jira, domin wanda aka yi wa tiyata jiya ba ya zaman bas na kwana biyu. Mace mai tsohon ciki da ƙananan yara, ni dai ban taɓa ganin uzurin da ya kai ba.

Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ECOWAS a 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da zirga-zirga ba biza har sai an sake sanarwa, amma wannan magana ce da za ta iya canzawa, saboda haka mai zuwa can ya tafi da cikakkun takardu, ya kuma tambayi direbobin da suka dawo jiya abin da ake nema a shinge, kada ya dogara da yadda aka saba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan zaren labari, shekarar da na fara aikin jigilar masu Umara da abin da ya biyo bayanta.