Asabar a bayan gidan Yaya, ni da tef da rana

Yau kam na sha rana wlh. Tun ƙarfe goma na safe nake filin bayan gidan Yaya, ban dawo ba sai gab da magariba, yanzu haka ƙafafuna na cikin robar ruwan sanyi nake wannan rubutun.

Maganar kwamin ninkayar nan ce da ya dage sai ya gina wa yara, da ɗan ginin da zai tsaya a gefe, wajen zama da canza kaya da banɗaki da ɗan kicin. Sati biyu kenan yana turo min hotuna a WhatsApp, wannan daga Dubai wancan daga Kalifoniya, duk gilas ne daga ƙasa har sama, wai yana so in mutum ya zauna a ciki ya ji kamar a waje yake. Tunda ni ce na karanta zanen gini a gidanmu aiki ya zama nawa, kyauta kuma, ko kuɗin mai babu.

Wajen da ya zaɓa yamma yake kallo. Ban yi masa musu ba, na ci gaba da awona, sai da ƙarfe uku ta yi na ce Yaya dan Allah zo ka tsaya nan inda kujerunka za su zauna, ka kalli inda ruwan zai kasance. Ranar Afrilu a Kano fa, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Bai yi minti biyu ba ya koma gindin darbejiya yana fifita da hula. Na ce to haka za ta dinga dukan gilas ɗinka kullum, ga ruwan zai riƙa maido hasken cikin ido, ɗaki ya zama gidan burodi, masu hotunan can na'urar sanyaya ɗakinsu ba ta mutuwa, mu kuwa ka san yadda wutarmu take.

Abin da na zana masa a ƙasa da tsinke shi ne a juya ginin ya kalli kudu. Gabas da yamma bango ne sosai ba gilas, saboda rana da kuma hadari, tunda ruwanmu da iskarsa yawanci daga gabas suke tasowa. Baya kuma ya tare iskar hunturu da ke zuwa da ƙura daga arewa maso gabas. Sai rumfa a gaba mai zurfin mita 3, da fanka biyu, ƙofar gilas mai zugewa tana can ciki a inuwa, in an zuge ta falo da rumfa sun zama abu ɗaya, daɓen ma ɗaya, tayil iri ɗaya mai kaushi wanda ba ya santsi, ba matakala ba dakali.

Ina cikin wannan bayanin ina jin kaina, Hajiya da ke zaune kan tabarma tana jan carbi ta ce, ke wannan ai rumfar tsakar gida ce kike ta ja wa rai. Dariya muka yi amma gaskiyarta ne. Gidan Kaka na cikin gari haka yake, ka shiga zaure, ka wuce shigifa, ka faɗo tsakar gida, sannan rumfa, sannan ɗaki, a rumfar nan ake tsince shinkafa ake kitso ake baccin rana, ba wanda ya taɓa tambaya ciki ne ko waje. Shekara nawa na yi a makaranta, ga shi Hajiya ta gama min darasin ko carbinta ba ta ajiye ba.

Sai ta ɗago nata zancen, wanda dama shi ya fito da ita. Ta ce kududdufi a cikin gida, ga auta ko shekara uku bai cika ba? Nan fa aka yi ta. Na ce dole a zagaye ruwan da shinge, tsayin aƙalla mita 1.2, ƙofarsa mai rufe kanta, sakata a sama inda hannun yaro ba ya kai. Yaya ya ce ai shingen zai ɓata kallon, ba haka yake a hoto ba. Hajiya ko kallonsa ba ta yi ba ta ce in ba shinge ba ruwa. Magana ta ƙare.

Anti kuma damuwarta benen maƙwabta, ta ce in daga tagarsu ana hango mu to ita da 'yan matanta ba mai shiga, a bar wa maza. Sai da na sa almajirin magini ya riƙe gora mai tsayin mutum a tsakiyar filin, ni kuma na bi layin tagar da ido ina ƙiyasi. Za a ƙara wa katangar yamma tsayi, amma saman da bulo mai huda don iska ta wuce, kar mu gudu daga ido mu faɗa rijiya.

Lissafin ruwa ne ya sa Yaya yin shiru. Mita 8 a mita 4, zurfi a tsakaice 1.3, lita 41,600 kenan, jarkar mai ruwa ta lita 25 guda 1,664. Kuma in ruwan ya sauka da santimita ɗaya kacal saboda rana, lita 320 ta tafi. Ga injin tacewa da sai ya yi awanni yana aiki kullum in ba haka ba ruwa ya yi kore sauro ya samu gida. Na ce a sa sola a kan rufin rumfar, a sayi abin rufe ruwan don hunturu. Ya ce a sare darbejiyar saboda ganye, na ce wadda ka fake a gindinta ɗazu? Kwamin dai za a matsar nesa da saiwarta.

Ni ma fa na sha tawa kunyar. Baba magini ya daɗe yana juya takardata, can ya ce Hajiya ƙarama, wannan masan naki ina ya dosa? Na duba, wlh alƙibla na sa shi yake kallo, ina ta fama da rana da iska na manta. Ya kuma ce in bar wajen alwala a gefen rumfa, in karkata daɓen ya zubar waje kwata ba cikin kwami ba, sannan layin da ƙofar gilas ke gudu a kai in nemi mai faɗi da tsintsiya za ta shiga, don ƙurar Disamba ba ta san tsada ba. Duk na rubuta a bayan takardar.

Gobe zan sake zanen daga farko. Yanzun nan ƙarfe goma da kwata wani hoton ya sake shigowa daga Yaya, daga ɗan abin da na hango kamar ruwa ne ke zubowa daga kan duwatsu. Ban buɗe ba, kar ya ga na gani.