Asabar da ma'aunin nisa na Isolette

Yau kacokan na ba wa tsohuwar kyamarata, Isolette III. Fim ɗin da na wanke ne ya tilasta min: duk abin da na ɗauka daga nesa ya fito tas, amma fuskokin da ke kusa sun yi dishi-dishi, bangon da ke bayansu kuwa ya fito rangaɗau. An ƙera ta a Munich a shekarun 1950, tana cin fim mai lamba 120, tana ba da hoto 12 masu faɗin santimita 6 da tsawon 6. In ka naɗe ta, zugazuginta ya shige ciki, sai ta shiga aljihun riga. Ina ƙaunarta ƙwarai, shi ya sa ganin hotunan ya dame ni.

Ma'aunin nisanta ba a haɗe yake da idon kyamarar ba. Sai ka leƙa, ka murza ɗan faifan da ke sama har hotuna biyun da kake gani su hau kan juna, ka karanta lambar, sannan ka murza idon da hannunka zuwa wannan lamba. Ke nan abin zargi biyu ne, kuma a ganina kada mutum ya taɓa ma'aunin sai ya wanke idon daga zargi, don shi ne ke zana hoton a kan fim.

Na ɗora ta a kan sanda mai ƙafa uku, na buɗe bayanta, na sa makullin haske a kan B ya tsaya a buɗe, na kwantar da ɗan gilashi mai hazo daidai inda fim ke kwanciya, fuskar hazon tana duban idon. Hoton na fitowa a kife, ƙasa a sama. Na buɗe idon gaba ɗaya, a f/4.5, na duba da gilashin ƙara girma. A alamar nisa marar iyaka, wadda take kama da 8 a kwance, turken sadarwar da ke can nesa ya fito siriri sarai. Sai na manna jarida a bango, na auna mita 2 da tef, rubutun ma ya fito a lambar da ta dace. Idon lafiyarsa lau.

Da azahar na cire murfin sama, na jera sukurorin a faranti yadda na ciro su. Abin da ke ciki kaɗan ne, amma dabarar ta burge ni. Tagogi biyu ne. A bayan ɗaya akwai madubi mai rabin shafi, wanda ke barin haske ya ratsa shi kuma yana maido da wani. A bayan ɗayar akwai ƙaramin madubi mai juyawa. Gwargwadon yadda ya juya kafin hotunan su haɗu, gwargwadon kusancin abin. Tazarar tagogin 'yan santimita ce kawai, saboda haka karkacewar da ba ta kai kaurin gashi ba tana iya zama kuskuren taku guda a waje. A mita 1 kuwa, in idon na buɗe gaba ɗaya, zurfin wurin da ke fitowa sarai bai wuce santimita 5 ko 6 ba. Nan hanci zai fita, kunne ya shiga.

Kafin in kai sukundireba, na lura da wani abu. In na murza faifan daga kusa zuwa nesa, lamba ɗaya nake samu, in na dawo ta baya sai wata daban. Giris ɗin da ya shekara 70 ya daskare, hannun madubin yana jan ƙafa, ba ya bin faifan nan take. Da a haka na saita, da gobe ya sake gocewa. Na jiƙa auduga a kan tsinke da man laita, na bi mahaɗar a hankali har ta saki, na ɗiga mai ɗan mitsitsi. Madubi mai rabin shafin nan ko kusa ban taɓa shi ba, iska kawai na hura masa. Shafin a kan fuskar gilashin yake, in ya tsufa goga ɗaya na iya ɗauke shi, hoto na biyu ya ɓace.

Saitin kansa bai ɗau lokaci ba. Na sa faifan a nisa marar iyaka, na nufi turken nan, na juya sukurun gefe kaɗan-kaɗan har turaku biyu suka zama ɗaya. Wanda ya ba ni aiki shi ne na sama da ƙasa, don hoto ɗaya ya ɗan ɗara ɗayan tsayi. Wannan ba ya canza nisan da ake karantawa, amma yana hana ido tabbatar da haɗuwar, sai ka yi ta kai-komo da faifan. Kuma da ka taɓa shi, na gefen ya ɗan motsa, dole ka koma. Na yi ta zagayawa tsakaninsu har suka zauna, sannan na gwada jaridar a mita 1, da 2, da 3, lambobin duk suka yi daidai da tef ta kowace fuska na murzo.

Na ɗiga jan farce a kan sukurorin don kada girgiza ta kwance su, na mayar da murfin, na sake dubawa, don ɗaure murfi kan iya taɓa saitin. Bai motsa ba.

Da yamma na sa sabon fim. Hotunan farko na gwaji ne: na kwantar da tef ɗin awo a karkace a kan tebur, na tsayar da ashana a tsakiyarsa, na auna ta da ma'aunin kyamarar kaɗai, na ɗauka a f/4.5. In na wanke gobe, lambobin tef ɗin za su nuna min ko wurin da ya fi fitowa yana kan ashanar, ko gabanta, ko bayanta, da kuma santimita nawa.