Gayyar Lahadi da sauran kura-kuraina a bakin tabki

Daren da aka zaɓe ni magatakardan ƙungiyar mazauna bakin tabki ta unguwarmu, nan cikin Tawa, ban runtsa ba don murna. Ban jima da dawowa daga jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ba, aiki babu, sai takardar shaida a ƙarƙashin katifa da kai cike da tsare-tsare. Tsofaffin unguwa sun ɗauko ni ne don suna neman wanda zai riƙa rubuta musu wasiƙa zuwa ma'aikatar magajin gari. Ni kuwa na ɗauka sun gane cewa na fi su sani. Ku ƙannena da nake gani yanzu kuna kafa ƙungiyoyi daga fadar shan shayi, ku zauna in ba ku labarin ɓarnar da na yi, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tabkinmu ba wani babba ba ne. Da damina ruwan ƙoramu ke gangarowa ya cika shi, da rani ya riƙa ja da baya yana barin laka. Amma mutane da yawa ke ci a jikinsa: masu lambun albasa da tumatir da salati, masu buga tubali, mata masu wanki, makiyaya, da wasu tsofaffi biyu masu kama tarwaɗa. Duk waɗannan ban gan su ba. Abin da idona ya gani kawai shi ne baƙar leda ta rufe gaɓa, alhali tun 2014 akwai dokar da ta hana irin wannan ledar a Nijar.

Sai na kira gayyar shara. Na rubuta sanarwa da Faransanci, na buga a kwamfuta, na manna a bangon shago, na sa ranar Lahadi da ƙarfe tara na safe. Mutum bakwai suka zo, biyar 'yan fadarmu ne. Ina tsaye riƙe da manjagara ina cika ina batsewa, sai ɗaya daga cikin tsofaffin masuntan ya zo wucewa da kwandonsa a ka. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ka ga mutanen unguwar nan ba sa son ci gaba." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka Lahadi ranar hutu ce?" Ya wuce abinsa.

Lahadi ce ranar babbar kasuwar Tawa. Ni ɗan garin ne, na sani sarai, amma zaman Yamai ya sa na fara lissafin kwanaki irin na ma'aikacin gwamnati. Kuma ba a kiran gayya da takarda. Mai unguwa ake fara samu, liman ya faɗa bayan sallah, maroƙi ya zaga, mata su san da zancen don a tanadi fura. Iyayenmu da suka yi Samariya, ƙungiyar matasa ta zamanin shugaba Seyni Kunce, sun gina azuzuwan makaranta da gayya, da kiɗa da waƙa, kuma suna nan da ransu a unguwar. Ban tambayi ko ɗaya daga cikinsu yadda ake yi ba.

Wannan kunya ce kawai. Ta itatuwa ta fi ta, don ta kusa haɗa mu faɗa.

Kowa ya san 3 ga Agusta ranar samun 'yancin kai ce, kuma ranar dashen itatuwa ce a ƙasar nan. Na je wurin ma'aikatan gandun daji na samo dashen bagaruwa da na dogon yaro, wanda mu nan muke kira bedi. Na zaɓi gefen tabki da ya fi shimfiɗa, babu lambu, babu ramin tubali, fili fetal. In faɗi gaskiya, na zaɓe shi ne don zai yi kyau a hoto. Muka jera su reras, muka ɗauki hotuna, na sa a Facebook, mutanen da ke Abijan da Libiya suna ta sa albarka. Ban tambayi kaina me ya sa wannan wurin kaɗai ya zauna babu kowa ba, a garin da ake rigima kan taku biyu na ƙasar lambu.

Mashaya ce. Ta nan shanu da awaki ke sauka tun kafin a haife ni. Kafin wata ya cika babu dashe ko guda a tsaye. Samarinmu suka fusata, suka ce a tare hanyar da ƙaya, ni ma na goyi baya. Allah ya taimake mu mai unguwa ya ji, ya aika a kira ni. A zaurensa na tarar da wani dattijon Bafulatani zaune, sandarsa a kan cinya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaro, da ka zo ka same ni, da na nuna maka inda za ka dasa, ni da kaina in hana dabba taɓawa. Inuwa ai mu muka fi kowa sonta." Daga baya na gane ko a gaban hukuma ba mu da gaskiya, don dokar karkara ta 1993 ta kare hanyar dabbobi zuwa ruwa. Da mun kafa ƙayar nan, da mu za a kama da laifi. Shekarar da ta biyo muka dasa kaɗan, a gefen da ya nuna, kowane dashe da kewayen ƙaya da sunan gidan da zai riƙa ba shi ruwa har wata damina. Su ne yanzu ake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu.

Sai maganar kuɗi, wadda har yau in na tuna nakan ji gumi.

Mun yanka wa kowane gida dala hamsin a wata, wato sefa 250. Ma'ajinmu dattijo ne da ba ya rubutu, sai ya ce in riƙa karɓa. Ina karɓa a hanya, a bakin masallaci, a wurin suna, in sa a aljihu ɗaya da kuɗina. Wallahi ban yi niyyar cin ko dala ba. Amma yau in zuba mai a babur in ce ai aikin ƙungiya zan je, gobe in sayi katin waya in ce ai mutane zan kira. Wata rana ɗan wan babana ya zo matarsa na naƙuda, na ba shi jika biyar daga ciki, da cewa zai mayar in ya sayar da albasa. Albasa ta faɗi a shekarar, kamar yadda takan yi in kowa ya kwashe lokaci ɗaya.

Ranar taro, wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, wadda ba ta taɓa fashin biya ba, ta kwance bakin zanenta ta zube tsakuwa a kan tabarma. Tara ne. Ta ce, "Malam magatakarda, kowane wata in na ba ka sai in ɗaure guda. Ga nawa lissafin. Ina naka?" Ba da faɗa ta yi ba, da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Na buɗe littafi, babu komai a ciki sai sunayen mutane da tsarin mulkin ƙungiya da na kwana uku ina tsarawa. Wurin ya yi tsit. Babu wanda ya ce ɓarawo, amma wata uku bayan nan babu gidan da ya biya. Sai da na sayar da wayata na cika kuɗin, na kai gaban mai unguwa aka ƙirga. Duk da haka akwai waɗanda har yau ba sa ba ni ajiya, kuma ban ga laifinsu ba.

Don haka, ƙanena, in an ba ka riƙon kuɗin jama'a, kar ka karɓa a hanya, kar ka karɓa kai kaɗai. A karɓa a zaman taro, a faɗi sunan mai biya da ƙarfi, a rubuta a gaban idonsa. Mai rubutu daban, mai riƙe akwati daban, mai makulli daban. Wannan ba sabon ilimi ba ne, haka iyayenmu mata ke tafiyar da asusunsu na adashe, shi ya sa nasu ke daɗewa namu na watsewa. Kuma in ɗan'uwa ya zo da larura, ka ba shi naka in kana da shi, in babu ka raka shi gaban jama'a ya roƙa. Sau da yawa za su ba shi, har su ƙara.

Zancen matan nan ma wani kuskuren ne. Ina sa taro bayan isha'i a fadarmu, inda babu matar auren da za ta zo ta zauna. Sai da muka mayar da shi bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa muka ji abin da ke damunsu, kuma leda ba ta cikin na gaba. Ramukan da masu tubali ke bari ne, waɗanda ke cika da ruwa da damina yaro ya zurma bai sani ba. Sai tsargiya, yara na fitsarin jini saboda wanka a ruwan kwance, suna ɓoyewa don kunya. Sai sauro. Suka ce a taimaka a riƙa zagawa da ma'aikatan lafiya lokacin rabon maganin rigakafin masassara na yara ƙanana da ake yi da damina, don kar a tsallake gida. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin tsarina.

Akwai kuma lokacin da wani shiri ya zo ya biya mutane kuɗin kwashe yashi daga tabki na 'yan kwanaki. Biyan ba laifi ba ne; matan Keita, nan jihar Tawa, da suka farfaɗo da tuddansu tun daga 1984 da abinci ake biyansu ɗaukar dutse. Laifina shi ne na kira shi gayya. Da shirin ya tafi na sake kiran gayya, sai aka ce nawa ne. In aikin kuɗi ne ku ce aikin kuɗi ne. Wani mai lambu kuma ya ja ni har kan tudu ya nuna mini inda yashin ke fitowa, ya ce muddin ba a jera duwatsu an haƙa tassa da rabin wata, wato ramukan tare ruwan sama, a kan tudun ba, abin da muka kwashe bana shi ruwa zai maido baɗi. Ko tabkin Tabalak da ke hanyar Abalak, da duk girmansa da shigarsa jerin Ramsar na muhimman wuraren ruwa na duniya a 2005, yashi bai ƙyale shi ba.

Yanzu ba ni ne magatakarda ba. Wata malamar makaranta ce, kuma ta fi ni. Tsohuwar nan mai ƙosai ita ke riƙe da makullin akwati, a ɗaure a bakin zanen da ta taɓa ɗaure tsakuwa. Ni aikina turo amalanken jaki zuwa juji. Gayyar yashe magudanai ta bana an sa ta ranar Alhamis bayan sallar asuba, tun kafin hadarin farko ya haɗu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai zo ya taho da sheburinsa, na ƙungiya guda huɗu ne kuma ɗaya ƙotarsa ta karye.